Kafin ku kai ƙarar masana'antar da ta ɓata muku ruwa: yadda ake tara hujjar da kotu za ta karɓa

Wani dattijo mai lambu ya taɓa shigowa ofishina a Kano riƙe da gorar lemo a cikin baƙar leda. Ya dire ta a kan teburina ya ce, "Lauya, ga shaidata." Ruwan ciki baƙi wuluk, da ya buɗe murfin kuwa sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Latas ɗinsa ya ƙone a tsaye, albasa ta ƙi yin kai, akuyarsa ta sha daga rafin ta kwana ba ta tashi ba. Na ce, "Baba, yaushe ka ɗebo?" Ya ce an kusa wata. "A wane wuri daidai?" Ya ce a rafi mana. "Wa ya ga lokacin da ka ɗiba?" Sai ya yi shiru yana kallona.

Ban yi shakkar maganarsa ba ko kaɗan, na san rafin, na san abin da ake zubawa a ciki. Amma na san kuma cewa lauyan masana'anta ba zai yi minti biyar ba zai watsar da wannan gorar a gaban alƙali, kuma ranar na kwana da baƙin cikin haka. Shekarun da na yi ina bin irin waɗannan shari'o'i sun nuna mini cewa mafi yawan hujja tana lalacewa ne tun kafin a zo wurin lauya, a kwanakin farko da mutane ke cikin ɓacin rai. Saboda haka ga abin da nake so mai lambu, da mai unguwa, da ɗan makarantar da ke riƙe wa mahaifinsa waya su sani.

Ku fara sanin abin da kotu take tambaya. Ƙa'idar da muka sani a fiƙihu, cewa hujja tana kan mai da'awa, ita ce dai a Dokar Shaida ta 2011. Ku ne za ku nuna cewa gubar daga wurin wanda kuke ƙara ta fito, ta biyo hanya har ta iso gonarku ko rijiyarku, yawanta ya kai ya yi ɓarnar da kuke kuka da ita, sannan ku faɗi ɓarnar nawa ce a kuɗi. Ɓarna kowa yana ganinta. Inda ƙara ke mutuwa shi ne wajen ɗaura ɓarnar a wuyan mai ita. Tun a shekarun 1970 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wani da ya ce girgizar nakiyar masu binciken mai ce ta tsattsage masa gini, saboda bai kawo ƙwararren da zai haɗa girgizar da tsagewar ba. Har yau lauyoyin kamfanoni suna jingina da irin wannan hukunci.

A Kano abin ya ƙara wuya saboda ruwan kowa a haɗe yake. Dagwalon masana'antun Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, ita kuma Jakara ta riga ta kwaso ƙazantar gidajen birni da ta mayanka kafin ta nufi dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Idan ka ɗebi ruwa a bakin lambunka kaɗai, kowace masana'anta za ta ce na maƙwabciyarta ne, kuma alƙali ba shi da yadda zai yi. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sai ka nuna wanda ya tsamar da shi.

Littafi da waya

Ranar da kuka ga ruwa ya sauya, a sayi littafin rubutu a damƙa wa mutum ɗaya mai gaskiya da natsuwa. Ko da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da launin ruwan, da warinsa, da wanda ya gani, da abin da ya mutu da na wane ne. Kullum, har ranar da ba a ga komai ba. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi, alhali shi ne ke nuna cewa ruwan yana yin baƙi ne a daren da aka saki dagwalo ya kuma washe in an rufe aiki. Kada a yage shafi, kada a goge. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a ci gaba.

Hoto da bidiyo kuma a ɗauka da waya ɗaya, a kunna mata alamar wuri ta GPS, a tabbata agogonta daidai yake. A fara daga nesa yadda za a ga katanga ko gada ko wata bishiya da kowa ya sani, sannan a matso har bakin bututun, a bi ruwan da ƙafa ba tare da an yanke bidiyon ba. Babban kuskuren da nake gani shi ne a tura hoton ta WhatsApp sannan a goge na asali don waya ta cika. Hoton da aka tura haka yakan rasa bayanan lokaci da wurin da ke ɓoye a cikinsa. Ku adana na asali, ku adana wayar kanta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ce duk abin da ya fito daga na'ura sai an haɗa shi da bayanin na'urar da yadda aka samar da shi, kuma mai wayar zai iya tsayawa a akwatin shaida. Saboda haka kada a ba yaron da zai tafi ci-rani bayan wata biyu.

Kada kowa ya haura katangar masana'anta. Ku tsaya inda bututu ya fito fili. Kuma kada wani ya shiga rufaffiyar kwata don ɗibar ruwa, iskar da ke wannan warin ƙwai tana kashe mutum a wuri maras iska.

Ɗibar ruwan gwaji

A nan nake so a natsu, domin nan ne gorar Baba ta faɗi. Shawarata ta farko ita ce kada ku ɗiba da kanku in har za ku iya kiran mai gwaji. Ku nemi ɗakin gwaje-gwajen da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta amince da shi, ko masanin da ke da rajista da cibiyar masu gwaji ta ƙasa, IPAN, ya zo da kwalabensa ya ɗiba da hannunsa. Shi ne zai tsaya a kotu ya ce ni na ɗiba, ni na auna.

Dalilin kwalabensa shi ne kowace guba da mazubin da ya dace da ita. Ruwan da za a nemi ƙarfe a ciki, irin dalma ko kuromiyam, a robar da aka wanke da asid ake zuba shi, a ɗiga masa asid kaɗan don kada ƙarfen ya manne a jikin robar. Wanda za a nemi mai ko fetur, kwalbar gilashi yake so. Duka a sa a kula mai ƙanƙara nan take. Akwai abubuwan da ba sa jira: nau'in kuromiyam mafi haɗari, in ba a sa masa maganin adanawa ba, cikin awa 24 ake so a auna shi. Gorar lemo da ta yi wata a ɗaki mai zafi, ko an samu wani abu a cikinta, ba wanda zai iya rantsuwa cewa haka ruwan yake ranar da aka ɗebo.

Wuri ɗaya ba ya isa. A ɗiba a sama da bututun, inda ruwan bai haɗu da dagwalon ba tukuna. A ɗiba a bakin bututun. A ɗiba a ƙasa da shi, sannan a inda injin ban-ruwanku yake ja, sannan rijiyar da ake sha. Na saman nan shi ne zuciyar shari'ar. Idan sama ta fito da tsabta, bakin bututu ya fito da guba, gubar nan kuma ta bayyana a lambunka, to ka ɗaure su. Ƙasa ma haka: a ɗebi ta saman gona daga wurare da dama, a kuma ɗebi ta wata gona kusa da ba ta shan wannan ruwan, don a gwada da juna. A maimaita da rani, a maimaita da damina, domin ruwan sama yana tsinka dagwalo, kuma kamfani zai so a auna a watan Agusta.

Ku gaya wa mai gwaji abin da masana'antar ke yi, don ya san abin da zai nema. Majemar zamani ba bagaruwa take aiki da ita ba kamar majeman gargajiya. Gishiri ne, da farar ƙasa, da sinadarin cire gashi mai warin nan, da kuromiyam. Mutane sukan nace a kan kuromiyam don shi suka ji a rediyo, amma sau da yawa abin da ke ƙone ganye cikin kwanaki gishirin da aka jiƙa fata da shi ne. In ba a auna gishirin ba, ka bar hujjarka mafi sauƙi a rafi. Kuromiyam ɗin ma iri biyu ne, wanda ake jima da shi bai kai ɗayan haɗari ba, kuma lauyansu ya san haka. A auna jimillarsa, a auna mai haɗarin daban.

Sai takardar bin sawu. Kowace kwalba a rubuta mata lamba, da wuri, da lokaci, da sunan mai ɗiba, a manne bakinta, shaidu su sa hannu. Duk wanda ta shiga hannunsa daga bakin rafi zuwa ɗakin gwaji ya sa hannu da lokaci. Ni nakan so a yi ɗibar a gaban mai unguwa ko wakilin dagaci, a kuma raba ruwan kashi uku: ɗaya a gwada, ɗaya a ajiye, ɗaya a miƙa wa kamfanin in sun yarda su karɓa. Ɗibar farko a yi ta ba sanarwa, don kada a rufe bututu ranar. Ta biyu a gayyace su a rubuce, a riƙe kwafin gayyatar. In sun ƙi zuwa, wannan ma abin faɗa wa alƙali ne.

Dabbar da ta sha ruwan ta kwanta, al'adarmu a yi maza a yanka kafin ta mutu a rage asara. Ina roƙo a daina a irin wannan hali. Naman zai iya cutar da mai ci, kuma hanta da ƙodar da likitan dabbobi zai gwada sun tafi tukunya. A kira shi a ranar, ya buɗe ta, ya rubuta.

Jikin mutane

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika jini aka gwada aka ga dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A wasu gidajen, dalmar da ke cikin ƙasar tsakar gida ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da Amurka ke ɗaukar 400 a matsayin iyaka a wurin wasan yara. Gwajin jini da gwajin ƙasa, su biyun tare, su suka nuna hanyar da gubar ta bi daga turmi zuwa jikin yaro.

Mu Musulmi muna gaggauta binne mamaci, kuma ba zan ce wa kowa ya jinkirta jana'izar ɗansa don shari'a ba. Shi ya sa hujjar take wurin masu rai. A kai mara lafiya asibiti da wuri, a gaya wa likita ruwan da yake sha da aikin da ake yi kusa da gida, a roƙe shi ya rubuta hakan a kati. Dalma tana raguwa da kusan rabi a cikin jini cikin wata guda bayan an rabu da ita, ta koma ƙashi, don haka gwajin da aka yi bayan wata shida ba zai nuna abin da ya faru ba. A adana kati, da takardar magani, da rasit. Maganin da aka saya a kemis ba rubutu, kotu ba ta san da shi ba.

Takardun hukuma, da wadda bai kamata ku sa wa hannu ba

Ku rubuta koke zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, ku tafi da kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya. Koken baki ba ya barin sawu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ku nemi rahoton tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta kafin a kafa babbar masana'anta, da rahotannin duba da jami'ai suka yi, da duk takardar gargaɗin da aka taɓa ba su. Akwai ƙa'idojin da aka fitar a 2009 musamman don masaƙu da majemu, masu iyakance abin da za a saki a ruwa. Duk takardar da ta fito daga ofishin gwamnati, a karɓo kwafin da aka tabbatar da hatimi da sa hannu, domin hoton takarda kawai kotu ba ta karɓarsa.

Idan jami'ai da mutanen kamfani suka zo duba wuri suka miƙo takarda a sa hannu, kada a sa sai wanda kuka yarda da shi ya karanta muku, kuma kada a taɓa sa hannu a takardar da ba a cike ba. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni sun ga wannan. Bayan malalar mai ta 2008, alƙaluman da kamfanin Shell ya dogara da su daga binciken haɗin gwiwa sun nuna ganga kusan 4,000 ne suka zuba. Bidiyon da aka ɗauka a wurin, da ƙwararru suka nazarta daga baya, ya nuna abin ya fi haka nesa ba kusa ba. A shari'ar da aka yi a Landan kamfanin ya amsa cewa lissafin farko ya yi ƙasa, kuma a Janairun 2015 ya amince ya biya fam miliyan 55. Bidiyon da wani ya ɗauka ya adana ya yi aikin da takardar hukuma ba ta yi ba.

Ku auna hujjarku kafin a auna muku

Sakamakon gwaji in ya fito, kada a yi murna da lamba don ta yi yawa a ido. A tambayi abin da ake gwada ta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, kuromiyam 0.05. Amma ma'aunin ruwan sha daban, na ruwan da masana'anta za ta saki daban, na ban-ruwa daban. Na ga rahoton da ya gwada ruwan kwata da ma'aunin ruwan sha, aka titsiye mai rahoton da tambayoyi har ya rasa ta cewa. Abin da ya ba rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ƙarfi shi ne ya gwada kowane abu da ma'auninsa: sun gwada samfuri sama da 4,000, suka ce rijiyoyin sha a Ogale suna ɗauke da sinadarin benzin fiye da ninki 900 na iyakar ruwan sha.

Sannan ku zauna ku yi wa kanku tambayoyin da lauyansu zai yi. Wane taki aka sa, wane maganin feshi? Akwai masu fasa batir ko marina kusa? Bara da ba a ga baƙin ruwa ba, nawa lambun ya bayar? Akwai cutar da ta kama albasar kowa a wannan shekarar, har wanda ke ban-ruwa da rijiyar burtsatse? Idan akwai amsar da ba ta yi muku daɗi ba, ku gaya wa lauyanku tun a ofis. Kuma kada a ƙara gishiri. Wanda awakinsa uku suka mutu ya ce goma, in aka kama shi, ya jawo wa sauran shaidu shakku, har masu gaskiya tsantsa. Ban taɓa yarda a ƙara ko akuya ɗaya ba, kuma ba zan yarda ba.

Ƙwararren da za ku kira ya zama fanninsa ne daidai. Mai gwajin ruwa zai faɗi abin da ke cikin ruwa, masanin gona ya faɗi abin da hakan ke yi wa latas, likita ya faɗi na jiki. Kada ya kasance ɗan unguwa mai lambu a wurin, domin doka tana ƙyamar takardar da mai ruwa da tsaki ya rubuta lokacin da ake shirin shari'a. Kuɗinsu yana da nauyi, na sani. Shi ya sa nake ce wa manoma su haɗa kai a ƙungiya su yi karo-karo, su kuma tuntuɓi sassan kimiyya na jami'o'in da ke kusa da su, inda ɗalibai da malamai suka daɗe suna gwada ruwan waɗannan rafuka.

Asara kuma da lissafi ake tabbatar da ita, abu-abu. Faɗin lambu, kuɗin iri, taki, man inji, ƙwadago, kwando nawa ake samu, nawa dillali yake saya. Littafin dillalin da kuke kai wa kaya a 'Yankaba zai iya zama shaida.

Lokaci da kotu, wannan aikin lauya ne, amma ku san abu biyu. Ƙarar da ta shafi jami'in gwamnati ko hukuma tana iya samun wa'adin wata 3 kacal. Kuma abin da ya shafi haƙar ma'adinai da mai, Babbar Kotun Tarayya ake kai shi. Akwai waɗanda suka yi nasara a kotun jiha, bayan shekaru Kotun Ƙoli ta rushe komai saboda ba can ya kamata a kai ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 kuma, ƙungiyar kare muhalli tana iya shigar da ƙara a madadin jama'a, wanda hakan ya sauƙaƙa wa ƙauyen da ba shi da ƙarfi.

Baba bai shigar da ƙara a wannan shekarar ba. Na ce masa mu jira rani mai zuwa. Jikansa ya riƙe littafi da waya, masu lambun da ke layinsu suka haɗa kuɗin mai gwaji, ranar da ruwan ya sake yin baƙi aka kira shi tun da asuba. Ya ɗiba a wuri biyar, mai unguwa yana tsaye, kwalaben suka isa ɗakin gwaji cikin ƙanƙara kafin azahar.